Suyar kifi da jatan lande a gida: yadda baya zai yi ƙamas-ƙamas, ciki ya yi laushi

Suyar kifi iri biyu ce a gidajenmu. Akwai wadda ake yi don miya ko don ajiya, inda ake barin kifin a mai har ya ƙandare, saboda ya jure tafasar miya, ya kuma kwana biyu bai lalace ba ko da babu wutar lantarki. Wannan iyayenmu sun iya ta, kuma tana da dalilinta. Sai kuma suyar ci nan take, wadda ake so baya ya yi ja ya yi ƙamas-ƙamas, ciki kuma ya fito fari tas da laushinsa. Ita za mu yi yau, uwargida, domin ita aka fi ɓatawa. Ko dai kifin ya manne a kasko ya dagargaje, ko ya sha mai ya yi jagab, ko baya ya ƙone ciki da sauran jini.

Duk waɗannan ukun, idan kika bi diddiginsu, ruwa za ki tarar. Ruwan ƙanƙarar da bai gama fita ba, ruwan wankin da ba a tsane ba, ruwan kayan haɗin da aka lafta. Mai zafi ba ya iya soya bayan kifi sai ya gama ƙone ruwan da ke jikinsa, kuma kafin ya gama, zafinsa ya sauka, kifin ya koma dahuwa a cikin mai. Saboda haka kusan kowane mataki a nan dabara ce ta raba kifi da ruwa kafin ya haɗu da mai.

A kasuwa

Mu 'yan Arewa teku ta yi mana nisa. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, don haka kifin teku a daskare yake iso mana. Titus, wanda wasu ke kira sukumbiya, daga arewacin tekun Atilantika ake shigo da shi, ta hannun ƙasashe irin su Norwe da Holan. Haka kote da shawa da panla, yawancinsu a katan suke zuwa. Namu na ruwan daɗi kuwa, wato tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa da giwan ruwa, suna fitowa daga wurare irin su Baga a gaɓar Tafkin Chadi, da Yawuri, da madatsun ruwa na Kainji da Tiga, da fadamun Haɗejiya da Nguru, ga kuma masu kiwon tarwaɗa a bayan gari. Giwan ruwa shi ne ƙaton nan da masunta ke fafutukar kamawa a bikin Argungu, kuma a ganina babu kifin da ya kai shi daɗin suya: tsoka ce zalla, fara, ƙaya kaɗan. Kuɗinsa ne dai sai a hankali.

Idan ɗanye za ki saya, dubi idonsa. Na kirki idonsa garau yake, a kumbure. Ɗaga marfin da ke gefen kansa ki leƙa: abin numfashinsa ja wur ya kamata ya zama, idan ya koma ruwan ƙasa ya yi yauƙi, kifin ya kwana. Danna tsokar da yatsa, idan ta dawo daidai to, idan ramin yatsanki ya zauna ki ajiye masa kayansa. Tarwaɗa kuwa da ranta ake sayenta, a kashe miki ita a gabanki.

Na ƙanƙara ya fi buƙatar sa ido, saboda yadda wuta take a ƙasar nan. Kifin da ya narke aka sake daskarar da shi yana tona kansa: za ki ga ƙanƙarar jikinsa ta yi jaja-jaja da jini, cikinsa ya fashe, ko ya lanƙwashe ya manne da 'yan uwansa. Kada ki yi wa titus da shawa sassauci a nan. Irin wannan kifi mai maiƙo, idan ya jima cikin zafi, wani sinadari da ake kira histamin yana taruwa a tsokarsa, kuma suya ba ta kashe shi komai zafin mai. Shi ke sa mutum ya ci kifi, cikin ɗan lokaci fuskarsa ta yi ja, ƙaiƙayi da ciwon kai su taso. Idan kika ga an karya farashi fiye da ƙima ki tuna araha ba ta ado.

Ki roƙi mai kifi ya kankare miki ɓawon ya yanka. Kaurin gunduwa kada ya wuce yatsu biyu. Idan karfasa ce za ki soya guda, ki zaɓi matsakaiciya, wadda ba ta wuce rabin kilo ba, domin babba bayanta zai ƙone kafin zafi ya kai ga ƙashin tsakiya.

Narkarwa da wanki

Hanya mafi kyau ita ce ki sauko da kifin daga firiza zuwa ƙasan firij tun dare, ki ɗora shi a kan kwando, kwandon a cikin roba, ruwan ya riƙa ɗiga. Idan sauri kike, ƙulle shi a leda ki nutsa a ruwan sanyi, kina sauya ruwan duk rabin awa. Ban da ruwan zafi, ban da shanyawa a rana. Duka biyun suna dafa bayan kifin su bar cikinsa da ƙanƙara, ga kuma ƙwayoyin cuta da ke samun wurin yaɗuwa.

Wajen fidda kayan ciki ki yi hattara da maɗaciya. Idan ta fashe, duk inda koren ruwanta ya taɓa zai yi ɗaci, sai dai ki yanke wurin. Akwai kuma baƙin jini da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki, da wata siririyar baƙar fata a bangon cikin karfasa. Ki sa babban yatsa ko ƙaramin cokali ki kankare su tas, domin rabin ƙarnin da ake kuka da shi a nan yake.

Tarwaɗa ita ce mai aiki. Zuba gunduwoyin a roba, ki kwarara musu ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, ki ƙirga zuwa ashirin, ki tsiyaye. Za ki ga yauƙin ya dunƙule ya yi fari, sai ki sa wuƙa ki kankare, ki ɗauraye da ruwan sanyi. Wasu da gishiri da lemun tsami suke murzawa, wasu da toka, duk suna yi. Ki dai kula da ƙayoyin nan masu tsini da ke gefen kanta, sukarsu tana da raɗaɗi, gara a datse su tun a kasuwa.

Yanzu sai matakin da aka fi tsallakewa. Jera kifin a kwando ya tsane, sannan ki ɗauki tsumma mai tsabta wanda kika ware don wannan aiki, ko takardar goge hannu ta kicin, ki goge kowace gunduwa ciki da baya har sai kin taɓa kin ji ba ta jiƙa miki yatsa. Karfasa guda kuma ki tsaga ta sau uku a kowane gefe, tsagar ta kai ga ƙashi.

Kayan haɗi

Ga kifi kilo ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi ya isa, idan za ki sa dunƙulen ɗanɗano ki rage gishirin. Daka tafarnuwa ƙwaya biyar da ɗanyar citta mai girman babban yatsa, ki zuba garin barkono da masoro kaɗan. Mai son kori da tayim ya sa. Kanumfari da kimba suna da ƙarfi, ɗan taɓawa kawai, in ba haka ba su danne ɗanɗanon kifin. Ki kwaɓa da man gyaɗa cokali ɗaya maimakon ruwa, ki shafa, ki cusa a cikin tsagar da cikin kifin, ki rufe ki sa a firij minti 20 zuwa 30.

Abu biyu nake so ki kiyaye. Na farko, kada ki markaɗa albasa da tattasai da attaruhu ki tsoma kifin a ciki. Na san ana yi, kuma ƙamshinsa yana da daɗi, amma ruwa ne tsantsa, ga shi kuma yana saurin ƙonewa, ya baƙanta man tun a kaskon farko. Ki bar su su zama miyar da za a ci kifin da ita. Na biyu, lemun tsami. Wajen wanki yana da amfani, bayan suya ma a matsa a kai, amma idan kifi ya jima a cikinsa tsamin yana cin tsokar, ta yi fari ta riƙa marmashewa a kasko.

Idan kika fito da shi za ki ga gishiri ya jawo ruwa ya kwanta a ƙasan robar. Zubar da shi, ki sake ɗan dannan kifin da tsumma, ki share ɓurɓushin tafarnuwar da ke bayansa. Wadda ta shiga tsaga ta riga ta yi aikinta.

Da gari ko babu gari

Titus da kote da shawa ba sa buƙatar komai, maiƙonsu da fatarsu sun wadatar. Karfasa guda ma haka. Amma kifi mai laushin tsoka, irin panla da tarwaɗar kiwo da yankan giwan ruwa marar fata, yana son a ɗan yi masa riga. Haɗa filawa da garin shinkafa daidai wa daida, da ɗan gishiri da yaji. Garin shinkafar nan na tuwo, in dai an tankaɗe shi da kyau, shi ke kawo ƙamas-ƙamas ɗin, kuma ba ya shan mai kamar filawa zalla. Garin masara mai laushi ma yana yi. Ki juya kifin a ciki, ki kakkaɓe sosai har ya zama ƙura-ƙura kawai ta rage, ki jefa a mai nan take. Idan kika barbaɗa kika ajiye, garin zai jiƙe ya zama danƙo.

Mai son kwaɓaɓɓen gari, irin wanda ke kumbura, sai ya haɗa filawa kofi ɗaya, garin shinkafa rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, da ruwa mai sanyi ƙarara. A juya sama-sama, ko da 'yan gudaji sun rage babu laifi, yawan bugu ne ke sa shi tauri. Kaurinsa ya zama yana rufe bayan cokali yana kuma zuba. Wannan ya fi dacewa da tsoka marar ƙaya da jatan lande.

Mai da wuta

Ki samu kasko mai kauri mai zurfi. Na sakayau yana saurin ɗaukar zafi yana saurin saki, shi ya sa kifi ke kamawa a cikinsa. Mai kada ya wuce rabin kaskon, domin yana tasowa idan kifi ya shiga. Ga gunduwa, ya isa idan ya kai rabin kaurinta ko ya ɗan fi. Kwaɓaɓɓen gari kuwa sai man da zai yi iyo a ciki.

Man gyaɗa ne ya fi dacewa. Na kamfani da aka tace ya fi jure wuta. Na masu ƙuli-ƙuli ya fi ƙamshi, amma yana saurin hayaƙi da kumfa, don haka ki fara soya 'yar albasa a ciki ki tsame, ki kuma riƙe wutar a matsakaici. Manja yana yi wa tarwaɗa kyau idan miya za a yi, amma ba don irin wannan suya ba.

Zafin da ake nema digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salshiyos. Ba kowa ke da ma'auni ba, kuma ba dole ba ne. Tsoma bakin busasshen cokalin katako: idan ƙananan kumfa suka taso suka kewaye shi nan da nan, mai ya yi. Ko ki jefa ɗan gutsuren burodi, ya yi ja cikin kamar minti ɗaya. Idan ya nutse ya yi shiru, da saura. Idan ya yi baƙi kafin ki ɗauko matsami, ko man yana hayaƙi, ya zarce, ki sauke ya ɗan huce. Mai girki da gawayi ko itace ta tanadi gefe guda na murhu mai ƙarancin wuta inda za ta riƙa jan kaskon, tunda ba ta da abin murɗawa.

A cikin kasko

Riƙe gunduwar ta gefe ɗaya, ki kwantar da ita a hankali, ƙarshenta ya faɗa ta can nesa da ke, don in mai ya yi tsalle ya yi gaba. Kada ki cika kaskon. Tsakanin gunduwa da gunduwa a samu wurin da matsami zai shiga. Kowace kika ƙara tana sauke zafin man, idan suka yi yawa sai ki ji ƙarar suyar ta mutu, ruwa ya fara taruwa. Gara ki yi zubi uku.

Daga nan ki cire hannunki. Kifi yana kama kasko da zarar ya shiga, wannan ba matsala ba ce, da kansa zai saki idan bayansa ya soyu. Mai zungurinsa a minti na farko ita ke raba shi da fatarsa. Gunduwa mai kaurin yatsu biyu tana son minti 4 zuwa 5 a gefen farko, 3 zuwa 4 a na biyu. Karfasa guda kuma 6 zuwa 7 kowane gefe. Ki sa ido a gefen gunduwar: za ki ga jan yana hawowa daga ƙasa, tsokar tana komawa fara. Idan ya kai rabi, ki ɗan tura da matsami. Ya motsa, ki juya. Ya ƙi, ki ƙara masa minti ɗaya. Juyi ɗaya ya isa.

Kunne ma yana aiki a nan. Da farko ƙarar tana da ƙarfi, tana tartsatsi, saboda ruwa na fita. Idan ta lafa ta koma 'yar siririya, kifin ya kusa. Don ki tabbatar, ki sa bakin wuƙa a wuri mafi kauri kusa da ƙashi: tsokar ta zama fara, ta rabu sala-sala, babu ja. Masu ma'auni suna neman digiri 63 a tsakiya.

Tsame ki jera a kwandon ƙarfe, kada ki ɗora wani kan wani, kuma kada ki rufe. Kular abinci ita ce makashin soyayyen kifi: tururi ya taru a marfi ya ɗigo, duk wahalar da kika sha ta tafi a minti biyar. Barbaɗa ɗan gishiri ko yaji tun yana da zafi, lokacin ne yake kamawa. Kafin zubi na gaba ki tsame ɓurɓushin da ya rage a mai, ki jira zafin ya dawo.

Jatan lande

Da yawanmu busasshensa muka sani, wanda ake dakawa a miya. Ɗanyen kuwa yanzu ana samunsa a daskare a manyan kantuna da kasuwannin kifi irin ta Kado a Abuja. Mai tantama kan cinsa ta kwantar da hankalinta, mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi ta halatta abin da ke rayuwa a ruwa. Abin da za a kiyaye shi ne jikin wasu ba ya karɓarsa. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, idan kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Cire kan, ki ɓare ɓawon, ki bar jelar don a samu abin riƙewa. Tsaga bayansa sama-sama da wuƙa, za ki ga wani baƙin zare, hanjinsa ke nan, ki zare shi, yakan zo da yashi. Kada ki zubar da kai da ɓawo, ki tafasa su da albasa ki tace, romon yana gyara dafa-duka. Idan kika ji yana wani wari mai hawa kai, ya lalace, babu yajin da zai gyara shi.

Goge shi ya bushe, gishiri da tafarnuwa da barkono minti goma, sai gari ko kwaɓi. Suyarsa minti 2 ce zuwa 3, ba ƙari. Da ya yi ja ya ɗan lanƙwashe, ki kwashe. Idan kika bari ya dunƙule har ɓangaren da aka cire kan ya taɓo jela, ya wuce, za a tauna shi kamar roba. Saboda haka shi ake soyawa a ƙarshe, bayan kowa ya wanke hannu.

Idan mai ya kama da wuta

Kashe gas ko risho, ki rufe kaskon da marfin ƙarfe ko faranti, ki bar shi a rufe har ya huce. Kada ki ɗauka ki yi waje da shi, kuma ko kusa kada ki watsa ruwa. Ruwa idan ya faɗa a mai mai zafi nan take yake zama tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watsa man da wutar har rufi. Idan mai ya zubo wa mutum, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi na tsawon minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Yara kuma a kore su daga kicin tun kafin a ɗora kasko.

Da me za a ci

Miyar da ta fi dacewa ba ta da wuya. Ɗebi cokali biyu na man da kika yi suya, ki soya albasa mai yawa yankan zobe har ta yi laushi, ki zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir ɗaya, gishiri, ki bar ruwan ya ƙone. A gefe za a ajiye ta, kowa ya dangwala. Idan kika juye ta a kan kifin tun a kicin, kin mayar masa da ruwan da kika sha wahalar cirewa.

Soyayyar doya ko dankali su ne abokan tafiya na kullum. Garau-garau da mai da yaji da gunduwar titus a kai, da 'yar albasa da latas, ba sai an yi masa talla ba. Gurasa, sinasir, kwaɗon rogo, duk suna karɓa. 'Yan uwanmu na zangon Akara da Kumasi da dokunu, wani dafaffen ƙullin masara, suke ci, da baƙin yajin nan shito. A Abijan kuwa acheke ne, wani abincin rogo, da soyayyen kifin tuna, abin da suke kira garba. Lemun tsami a yanka a gefe, sai zoɓo mai sanyi ko ruwan citta don ya wanke maiƙon.

Na yara ki zauna ki ɓare musu da hannunki, ki murza tsokar tsakanin yatsu, musamman shawa da karfasa masu siraran ƙayoyi. Idan ƙaya ta maƙale wa wani ta ƙi fita, a daina tura masa lomar tuwo, tana iya ƙara cusa ta, a kai shi a cire.

Ragowa da sauran mai

Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, a lokacin zafin bazara ma awa ɗaya. A firij zai yi kwana biyu zuwa uku. Idan ba ki da tabbacin wuta, ki mayar da shi kasko ki ƙarasa shi zuwa waccan suya ta ajiya, ko ki jefa shi a miya a daren. Ɗumamensa a busasshen kasko ake yi, a kan wuta kaɗan, ba tare da marfi ba.

Man kuma ki bari ya huce, ki tace da rariya mai laushi, ki zuba a kwalba ta daban ki yi mata alama, don kada ranar ƙosai ko fanke a ɗauko shi. Zai ƙara yin suyar kifi sau biyu ko uku. Da ya yi duhu, ya yi kauri, ko yana kumfa tun kafin a sa komai, ki haƙura da shi. Kasko da wuƙa da katakon yanka ki fara goge su da ɓawon lemun tsamin da kika matse, ki ɗauraye da ruwan sanyi, sannan ki bi da sabulu da ruwan ɗumi.